Filin Likita: Saniya Za Ta Ɗauki Ciki Ba Sa a Garke?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Ina kiwon shanu Gudali a gefen Talata Mafara. Wani ma'aikacin dabbobi ya ce zai sa saniyata ta ɗauki ciki ba tare da sa ya hau ta ba, ta haifi jinsin shanun Turawa. Ta yaya? Kuma wai har mutane ana yi wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ya faɗa maka. Ciki yana samuwa ne in maniyyin namiji ya isa ga ƙwan mace. A barbara sa ne ke kai shi, a nan kuwa hannun ma'aikaci. Ana ɗibar maniyyin zaɓaɓɓen bijimi, a tabbatar ba cuta, a ɗura a 'yan siraran bututai, a daskarar cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A haka sai ya shekara da shekaru bai lalace ba. Ran aiki a narkar da shi a ruwan ɗumi, a zura ta bakin mahaifa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana wannan aikin. Aikin yana kuma rage yaɗuwar bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, wadda aron bijimi ke jawowa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda masu kiwo ke asarar kuɗinsu saboda kuskure lokaci. Saniya tana neman sa kusan duk kwana 21, kuma abin ba ya kai kwana guda cur. Za ka ji tana yawan kuka, ga yauƙi yana zuba, tana hawan 'yan'uwanta, in an hau ta kuma ta tsaya cik. Ka ga haka da safe, a yi mata da yamma. Ka gani da yamma, a yi da sassafe. In ta kama, wata tara da 'yan kwanaki sai haihuwa.

Sai dai fa ka shirya wa maraƙin. Jinsin shanun Turawa na Friesian akwai madara, amma zafin bazarar Zamfara da kaska suna wahalar da shi. Sai da inuwa, ruwa, harawa, dusa da gurya. Ni shawarata a tsaya kan rabi da rabi, jinin Gudali ne zai riƙe shi.

Mutane ma ana yi musu. Likita yana tace maniyyin miji, ya sa a mahaifar matar a ranakun da ƙwanta ke fita. Wannan daban ne da haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta in buƙata ta kama, muddin na mijin ne da matarsa. Na wani ƙato daban haramun ne. Kuma don Allah, in haihuwa ta yi jinkiri, maigida ma ya je a auna shi, kada a bar mata kaɗai da zaryar asibiti.