Ƙwas-ƙwas ɗin asuba a injin tasi

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ina jan tasi, tsohuwar Toyota Carina, a Ngaundare. Tun shigowar hunturu, in na tayar da ita bayan sallar asuba sai in ji ƙwas-ƙwas a injin, bayan minti biyu ko uku ya ɗauke. Nakan taka totur sosai don ta yi saurin ɗumi. Yaran gareji sun ce in koma baƙin mai mai kauri. In bi maganarsu?
Wani direba, Ngaundare

Amsa: Ɗana, ƙarar ba ta tayar mini da hankali kamar ƙafarka ba.

Fistin da alminiyon ake yin sa, silindar da yake hawa da sauka a ciki kuwa baƙin ƙarfe ce. Alminiyon na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, shi ya sa ake ƙera fistin da ɗan rata. Da sanyin safiya ya tsuke, yana ta bugun bangon silinda, har ya ɗau zafi ya cika wurinsa. Ga shi garinku kan tudu yake, ya haura mita 1,000, sanyinsa ba irin namu na Garwa ba ne. Tsohon inji yakan yi shekaru da wannan ƙara yana ciyar da gida.

Ɓarnar tana wani wuri. Mota in ta kwana, baƙin mai ya tsiyaye ya koma kwanon ƙasa, abin da ya rage a bangon silinda bai wuce shafe ba. Famfo sai ya ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ya tura mai sama, fistin kuma mafi yawa da fantsalin da ƙaranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ke watso masa yake rayuwa. A daidai lokacin cok, wato abin da ke rage wa injin iska in yana sanyi, na sa shi jan fetur da yawa, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke ɗan shafen da ya rage. Sannan ga ruwa: kowace lita ta fetur in ta ƙone tana fitar da kusan lita guda ta ruwa, tururin ya kwanta a bango mai sanyi, ya haɗu da dattin ƙuna ya zama asid. Idan zuwa-zuwa kake sha, wato fetur ɗin bakin hanya, Allah kaɗai ya san abin da ke cikin kwalbar. To a wannan hali kake taka totur! Ringi ne, wato zobban da ke jikin fistin, ke kankare ƙarfe.

Na sha buɗe injin da saman silindarsa ya yi gaɓa har farce na kamawa, mai shi yana rantsuwa bai taɓa wasa da juye ba.

Mai kauri zai rufe ƙarar, amma shi ne mai nawar isa sama. Lambar da ke kafin harafin W a jikin galan ɗin mai ita ke nuna gudunsa a sanyi: 15W-40 ya fi 20W-50 saurin tafiya da asuba. In motar ba ta shan mai, 15W-40 ya ishe ka. Ka kuma sayi filtar kirki, don ta jabu takan bar mai ya tsiyaye ya koma kwanon ƙasa da dare.

Ka tayar, fitilar mai ta mutu, ka jira minti guda, ka ja a hankali. Barinta minti goma a tsaye asarar fetur ce, tafiya ta fi ɗumama ta. Kada ka matsa mata sai allurar zafi ta kusa tsakiya.

Amma in ƙarar ta ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ko fitilar mai na jinkirin mutuwa, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ajiye ta a auna ƙarfin famfo da na silinda kafin ka ɗauki fasinja.