Hukuncin Ƙara Kuɗin Haya Da Tashin Ɗan Hayar Da Ya Kasa Biya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da gida ɗaki biyu da falo a Kubwa, Abuja, na ba wani magidanci hayar shekara. Ya biya rabin kuɗin, sai aikinsa ya tsaya, ga shi saura wata huɗu shekara ta cika bai kawo ragowar ba. Dillali ya samo min wanda zai biya kusan ninki biyu, na shekara biyu a dunƙule, ya ce in yanke wa na cikin wuta da ruwa, in bai tashi ba in cire ƙofa. Yana da mata da yara huɗu, ni kuma da hayar nake ciyar da iyalina. Ya halatta in ƙara masa kuɗi yanzu, ko in tashe shi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya kafin ka zartar.

Haya ciniki ce, sai dai abin da ake sayarwa a cikinta amfanin gida ne na wani lokaci sananne. Ranar da kuka ƙulla hayar shekara a kan kuɗi kaza, ka sayar masa da zaman gidan na wata goma sha biyu a kan wannan farashi. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." A mazhabar Malikiyya hayar da aka yanke wa wa'adi lazimtacciya ce, ɗaya ba ya warware ta don ya hango riba a wani wuri. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa haya ba ta warwarewa ko da mutuwar mazaunin gidan. To, idan mutuwa ba ta rushe ta ba, zuwan dillali da sabon farashi ba zai rushe ta ba. Saboda haka ƙari a tsakiyar wa'adi bai halatta ba, sai in shi ya yarda da daɗin rai, ba don an tsorata shi ba.

Ragowar kuɗin kuwa bashi ne a wuyansa, haƙƙinka ne, babu mai cewa ka yafe dole. Amma bincika halinsa. Idan yana da shi yake maka yawo da hankali, Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kai shi gaban alƙali. Idan kuwa babu ce ta gaskiya, kamar yadda tambayarka ta nuna, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yanke magana: wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi, yafewar kuma ita ce mafi alheri. Fuƙaha'u sun ba mai gida damar neman a warware abin da ya rage na haya idan ɗan haya ya tsiyace, amma alƙali ne ke tabbatar da hakan, ba mai gida da dillalinsa ba.

Shawarar yanke wuta da ruwa da cire ƙofa haramun ce, kada ka kusance ta. Hadisin "babu cuta, babu cutarwa" yana cikin Muwaɗɗa. Ɗakin da aka cire wa ƙofa, matar aure ce a ciki ba sutura, yara ne ke kwana sauro da ɓarayi na da hanya a kansu, alhali ba su ne suka ci bashinka ba. Wanda ya taɓa ganin katifa da tukwane da jakunkunan makaranta zube a bakin titi da damina, uwar yara na zaune a kansu ta rufe fuska da mayafi, ya san wannan ba karɓar haƙƙi ba ne. Dokar ƙasa ma ta hana. A Abuja, idan yarjejeniya ba ta ambaci wani wa'adi ba, mai hayar shekara-shekara ana ba shi takardar tashi ta wata 6, mai hayar wata-wata kuma ta wata 1, sannan a bi da wata ta kwana 7, bayan nan kotu ce ke fitar da shi. Bin wannan tsari wajibi ne, domin bai saɓa wa shari'a ba, kare rauni ne.

Idan shekara ta cika, gidanka ne. Ya halatta ka sabunta farashi daidai da na unguwar, ko ka ba wani. Karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule ma asalinsa halal ne idan an yarda, duk da cewa ni ba na son sa, don sau da yawa yardar ta wanda ba shi da zaɓi ce, kuma ita ke jefa ma'aikata cikin bashin ruwa. Hukuma na da ikon iyakance shi. Jihar Legas ta yi haka a dokar haya ta 2011, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar.

Wasu za su ce ai Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Hadisin Anas ne, ingantacce. Sai dai Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ɗauke shi a kan tsadar da ta zo da kanta, ba wadda masu kaya suka haddasa ta hanyar ƙuntata wa mabuƙata ba. Ibnul Ƙayyim har ya ce idan mutane suka matsu ga zama a gidan wani, ba su da waninsa, wajibi ne ya ba su, saɓanin malamai kawai a kan ko zai karɓi haya ne. Tsadar Abuja ta haɗa duka biyun. Akwai tashin siminti da rodi da sufuri, musamman tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Akwai kuma manyan gidaje a Maitama da Asokoro a kulle shekara da shekaru, masu share ofisoshin birnin kuma na fitowa daga Mararaba da Masaka da Suleja tun kafin asuba.

Nauyin wannan magidanci ba a kanka kai kaɗai yake ba, don kai ma mai iyali ne. Ibnu Hazm ya ce farilla ce a kan mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansu idan zakka ba ta isa ba, ya lissafa abinci da tufafi da mazaunin da zai kare su daga ruwan sama da zafin rana da idon masu wucewa, shugaba kuma ya tilasta mawadatan. Baƙin da ba su da gida a Madina, a Suffa, wato rumfar masallacin Annabi (SAW), suka samu mafaka. Mutumin nan ya cancanci zakka ta fuska biyu, talauci da bashi, kamar yadda aya ta 60 a Suratut Tauba ta jero. Abin da Malikiyya ba su yarda da shi ba shi ne ka yafe bashin ka lissafa shi cikin zakkarka.

Don haka je ka same shi, ku zauna da limamin unguwa da shaidu biyu, a rubuta bashin, a raba masa shi wata-wata gwargwadon ƙarfinsa. Da izininsa, a sanar da masu zakka na masallacinku su biya maka kai tsaye. Idan ka ƙudura ba za ka sabunta masa ba, sanar da shi yau a rubuce, ya sami sararin neman wuri, dillali kuma ya jira wa'adi ya cika.

Allah ne mafi sani.