Kindle ko waya, wanne ya fi don karatu?

Malam ka ce kana tunanin sayen Kindle, wato na'urar karanta litattafai, ko ka ci gaba da karatu a waya. To ya danganta da abin da kake karantawa fa. Ni tawa Kindle ɗin caji ɗaya tana kai ni sati biyu ko fi, ga shi ko a tsakar rana cikin adaidaita rubutun na fitowa tar kamar takarda, ido ba ya zafi, kuma ba wani saƙon WhatsApp da zai katse ka. Amma in litattafan Hausa ne na guruf ko manyan PDF na makaranta, gaskiya wahala za ka sha, allonta ƙarami ne, rubutun sai ya koma kamar tururuwa. Gara ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka sayi fawa banki ka riƙe wayarka.