Kuɗin jagora da kifin da za a saki: amsoshi kan fita kamun sitilhed

Wasiƙu huɗu na ɗauka a wannan makon, dukansu daga 'yan'uwa mazauna Amurka, kuma duk a kan abu guda suke: biyan jagora ya kai mutum kogi kamun kifin nan da ake kira sitilhed. Ta farkon ita ce ta fi cin wuri, domin amsarta ce tushen sauran.

Malam, ni haifaffen Yawuri ne, a gidan masunta na tashi, yanzu ina aiki a Portland ta jihar Oregon. Abokin aikina ya ce mu haɗa kuɗi mu ɗauki jagora. Mutumin ya ce dala 600 mu biyu a yini ɗaya, ya ce bai yi alkawarin za mu kama ko ɗaya ba, kuma in mun kama ma mai yiwuwa a ce mu mayar da shi ruwa. Wannan ba asara ba ce? Mu a gida wanda ya shiga ruwa da kifi yake fitowa.

Ɗan'uwa, na fahimci abin da ya tsaya maka a rai. Wanda ya tashi yana ganin su sana'a ce da ake ci da iyali, dole ya ji wani iri in an ce ya biya kuɗi ya saki abin da ya kama. Amma jagoran nan gaskiya ya faɗa maka, kuma wannan kaɗai ya sa na fara yarda da shi. Da ya ce maka lalle sai kun cika kwale-kwale, da na ce ka nemi wani.

Bari in fara da kifin kansa. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku a ruwan daɗi, sannan ya gangara Tekun Fasifik ya yi wasu shekaru yana ci yana ƙiba, daga nan ya juyo ya hauro kogin da aka haife shi domin ya yi ƙwai. Galibi yana dawowa da nauyin kilo 3 zuwa 5, wasu su fi haka sosai. To ga inda wahalar take: in ya shigo kogi ba cin abinci ne a gabansa ba, tafiya yake. Yau yana wannan gurbi, gobe ya yi gaba. Ba kamar tarwaɗa ko karfasa ba ne da ka san maƙwancinsu shekara da shekaru. Shi ya sa masu fatsa a can suke masa kirari da kifin jifa dubu.

Maganar saki kuwa, doka ce, kuma tana da dalili. Tun 1997 gwamnatin tarayyar Amurka ta fara sa zuriyoyin sitilhed na koguna da dama cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Madatsun ruwa sun tare musu hanya, saran daji ya lalata wuraren yin ƙwai, ruwa kuma yana ƙara ɗumi. A madatsar Bonneville da ke kan kogin Columbia, gabas da garin da kake, ana ƙirga kifin da ke wucewa tun 1938, kuma a bazarar 2021 ƙirgar ta yi ƙasan da ba a taɓa gani ba, har aka rufe kamun sitilhed a wasu koguna ciki har da Deschutes. Saboda haka kifi iri biyu ne a ruwan: na daji, wanda ya tashi da kansa, da na gidan ƙyanƙyasa, wanda hukuma ta raina ta sako. Na gidan ƙyanƙyasa tun yana ƙarami ake yanke masa wani ɗan fiffike mai taushi da ke bayansa kusa da wutsiya. In ka jawo kifi ka ga wurin a shafe, a inda doka ta yarda naka ne, ka kai gida. In fiffiken na nan, a yawancin koguna sai ka sake shi, kuma ko fitar da shi daga ruwa gaba ɗaya ba a so.

Me kake saya da dala 300 naka ke nan? Kwale-kwale da mai tuƙa shi, sandunan fatsa, ƙugiyoyi da koto, sau da yawa har abincin rana, sai kuma babban abin, wato sanin ruwa. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Jagoran da yake kan kogin nan kullum ya san inda kifi ke tsayawa in ruwa ya ƙaru, ya san launin ruwan da ake samu da wanda ba a samu, ya san dokar da ta canja a makon jiya. Kai da ka tashi a bakin ruwa za ka ɗauki wannan ilimi da sauri fiye da abokin naka, kuma abin da za ka koya a yini ɗaya zai iya cin maka damina biyu in kai kaɗai kake lalube. Farashin ma bai fita daga abin da aka saba biya ba na mutum biyu a kwale-kwale ɗaya.

Shawarata ka je, matuƙar kuɗin ba na wata buƙata ba ne da ta fi wannan. Sai dai ka gaya masa tun a waya cewa kai kifin kaiwa gida kake so. Wannan zai sa ya zaɓi kogin da ake sako na gidan ƙyanƙyasa, irin su Sandy da Clackamas kusa da kai, ko Wilson da Nestucca a gefen teku, tsakanin Disamba da Maris. Ka kuma ce masa kana son fatsar kwale-kwale mai ɗan abin shawagi a kan ruwa, ba ta doguwar sandar nan mai hannu biyu da ake wurga ƙudan roba da ita ba. Waccan tana da daɗi ga wanda ya iya, amma sabon shiga kan yi yini yana koyon jifa kawai. In kuma ya ambaci Deschutes, ka sani a can ba a yarda a yi fatsa daga cikin kwale-kwale ba, sai an sauka an tsaya a ruwa.

Abu biyu kafin ka ba da ko sisi. Ka nemi shaidar rajistarsa, domin a Oregon hukumar kula da jiragen ruwa ta jiha ce ke yi wa jagorori rajista, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi. Sannan ka sayi lasisinka da kanka, da katin da ake rubuta duk kifin da aka riƙe, da ƙarin izinin yankin kogin Columbia in kogin da za ka je yana cikinsa. Waɗannan ba sa cikin dala 600.

Malam, muna zaune a Columbus ta jihar Ohayo. Maigidana ya daɗe yana maganar wannan kifi, ina so in biya masa tafiya a matsayin kyauta. Na ga ana tallan masaukai a Kanada, na kuma ji ana yi a nan kusa. Wanne ya fi?

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, kyauta ce mai kyau. Ki zaɓi na kusa.

Waɗancan masaukai galibi a kan kogin Skeena da rassansa suke, irin su Bulkley da Kispiox da Babine, a lardin British Columbia. Wuri ne da masu wannan harka ke mafarkin zuwa, kifayensa manya ne, lokacinsa Satumba da Oktoba. Amma mako ɗaya a can dubban daloli ne, ban da jirgi, ban da takardar shiga Kanada ga wanda yake buƙata, ban da lasisi na musamman da baƙo ke biya kowace rana a kan waɗannan koguna. Kuma duk kifin daji a lardin sakinsa ake yi. Mutumin da bai taɓa jin sitilhed a hannunsa ba, bai kamata ya fara da nan ba. Zai kashe kuɗi mai yawa yana koyon abin da zai iya koya a ƙofar gidansa.

Ku kuwa kuna da sa'a. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka kai wannan kifi Manyan Tafkunan da ke wajen iyakar Amurka da Kanada, ya zauna, yana ɗaukar tafkin a matsayin tekunsa. Ƙananan kogunan da ke zuba a tafkin Erie, kamar Rocky da Chagrin da Grand da Conneaut, hukumar jiharku na zuba musu 'ya'yan kifi duk shekara, kuma tafiyar awa biyu zuwa uku ce a mota daga Columbus. Daga Oktoba zuwa Afrilu ake samu, kuma damar sabon shiga ya kama a nan ta fi ta yammacin ƙasar nesa ba kusa ba. Za ki ji wasu na cewa kifin da bai taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba ba sitilhed na ainihi ba ne. Wannan gardamar masu fatsa ce tsakaninsu. Jininsu ɗaya, kuma jan da zai yi wa maigida a hannu ba zai bar masa wata shakka ba.

Kada ki tsayar masa da rana. Waɗannan koguna ƙanana ne, ruwan sama na dare ɗaya kan mayar da su jajaye, ƙanƙara kuma kan rufe su a tsakiyar hunturu. Ki sayi takardar kyauta wadda shi da jagoran za su sa ranar da kansu, ki kuma tabbatar da watan da za ta daina aiki. A can yawanci da ƙafa ake bi ana tsayawa cikin ruwa, don haka in yana da ciwon gwiwa ko na baya, a faɗa wa jagoran tun farko. In zai kawo kifin gida, ku duba shawarar da jihar ke fitarwa kan yawan cin kifin tafkin, musamman ga yara da masu juna biyu.

Ni ɗalibi ne a Seattle. In sayi kayana ne kafin tafiya, ko in dogara da na jagora? Kuma ya nemi rabin kuɗin tun yanzu.

Ƙanena, kada ka sayi sanda ko ƙugiya. Ka yi amfani da nasa, ka ga irin da ya dace da hannunka, in harkar ta shiga ranka ka saya daga baya. Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne jikinka: rigar ruwan sama mai kyau, kayan ulu na ciki, safa mai kauri, hula da safar hannu. Ka guji auduga, domin in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Wandon robar nan mai kaiwa ƙirji ka tambaya ko yana bayarwa aro, kuma in ka sa shi ka ɗaure ɗamararsa tamau, don in ka zame kada ruwa ya cika shi. A cikin kwale-kwale ka sa rigar ceto ko da ka iya iyo. Ruwan Janairu a can yana kashe hannu da ƙafa cikin mintuna.

Kafin alƙalami al'ada ce, ba abin tsoro ba ne. Abin da nake so ka samu a rubuce shi ne makomar kuɗinka in kogi ya cika ko hukuma ta rufe shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jihar Washinton da kake. Kogunan da ke kewayen garin Forks, wato Hoh da Sol Duc da Bogachiel, suna samun ruwan sama mai yawan gaske, kuma dokokinsu na canjawa daga shekara zuwa shekara. A hunturun 2020 zuwa 2021 har hana fatsa daga cikin kwale-kwale aka yi a kogunan gefen teku. In jagoran ne ko hukuma ta soke, ya kamata a mayar maka da kuɗinka ko a sa maka wata rana. In ya ƙi rubuta haka, ka riƙe kuɗinka.

Malam, yaya zan yi da abinci da salla a irin wannan fita, kuma dole ne in ba da tukwici bayan na biya?

Ka yi maganar abinci ranar da kake kama wuri, kada ka bari sai an buɗe kwando a tsakiyar kogi. Abincin rana da jagorori ke shiryawa sau da yawa burodi ne da yankakken nama, kuma ba wuya ya zama na alade. Ka ce masa kai Musulmi ne, ko dai ya yi maka na kifi ko na ƙwai, ko ka taho da naka. Ni na fi son tafiya da nawa, da shayi mai zafi a filas. Ka kuma gaya masa in ba ka son giya a cikin kwale-kwalen, musamman in an haɗa ka da wasu baƙi.

Ana tashi ne tun da duhu, don haka asuba kan same ka a hanya ko a bakin ruwa. Ka yi alwala kafin ka shiga wandon roba, domin cire shi cikin sanyi aiki ne. Ka sanar da shi cewa za ka buƙaci ya tsaya a gaɓa na minti goma da azahar da la'asar. Yinin hunturu gajere ne a arewacin Amurka, lokutan biyu suna kusa da juna, kuma dama ana tsayawa cin abinci a kan tudun tsakuwa. Waɗanda na yi hulɗa da su ba wanda ya taɓa nuna damuwa, in dai an faɗa musu tun da wuri.

Tukwici kuwa ba doka ba ce, amma a wannan sana'a an ɗauke shi wani ɓangare na ladan aiki, kuma abin da aka saba shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin yinin. Ka auna shi da ƙoƙarin mutumin, ko an kama ko ba a kama ba: ya zo a kan lokaci, ya yi ta tuƙi yana canja wuri, ya koya maka, ya kula da lafiyarka. Ka ware kuɗin tun daga gida, tsaba a aljihun da ruwa ba ya shiga, ka miƙa masa a bakin ruwa bayan an ɗora kwale-kwale a mota. A kan yinin dala 600, wannan na kamawa tsakanin dala 90 da 120, in ku biyu ne ku raba.