Rubutu mai kama da na hannu a tallar zoɓo

Tambaya: Malam, ina sayar da zoɓo da ɗanwake a Zariya, kuma da PixelLab nake haɗa hoton talla ina ɗorawa a WhatsApp. Na samu wani salon rubutu mai kama da wanda aka yi da alƙalami, ya burge ni, amma in na rubuta "zoɓo" sai harafin ɓ ya fito daban da 'yan uwansa, wani lokaci ma ɗan akwati kawai nake gani. Mene ne matsalar?

Amsa: Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau. Salon rubutun ne ba shi da harafin. Kowane font, wato salon rubutu, da hannu ake zana haruffansa ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancin masu zana irin wannan na ado Turanci da harsunan Turai suke da shi a rai, ba su saka ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Da manhajar ta nemi ɓ ta rasa, sai ta aro daga wani salon, ko ta bar akwati a gurbinsa.

Zaɓinki dai bai yi laifi ba. Irin wannan rubutu yana da sakin fuska, ya dace da abinci, kayan yara da katin biki. Pacifico, wanda Vernon Adams ya zana a 2011, haruffansa a haɗe suke kamar an ja su da burushi. Amatic SC, shi ma nasa ne, siriri ne dogo. Dukansu suna Google Fonts, shafin Google na sauke salon rubutu, kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su. Comic Sans da kowa ya sani, wanda Vincent Connare ya zana a 1994, mallakar Microsoft ne, kada ki ɗauko shi daga wani shafin da ba ki sani ba.

Kafin ki sauke kowanne, akwai wurin gwaji a shafin Google Fonts. Ki rubuta "zoɓo, ɗanwake, ƙosai" ki zuba ido kan lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ: kaurinta da karkatarta su yi daidai da sauran haruffan. In sun yi, ki sauke fayil ɗin salon, wanda sunansa ya ƙare da ttf, ki shigar da shi PixelLab. In ba su yi ba, ki nemi wani. Don Allah kada ki koma rubuta "zobo" da "kosai" saboda ado. Salon Andika na ƙungiyar harsuna ta SIL yana da dukkan haruffanmu, kuma yana da laushin gani.

Sai ki taƙaita rubutun ado ga sunan sana'ar, kalma biyu ko uku, da girma. Kada ki rubuta Pacifico da manyan baƙaƙe zalla, cakuɗewa yake yi. Farashi da lambar waya kuwa ki sa su da salo miƙaƙƙe irin Noto Sans, domin a rubutun ado 1 da 7 kan yi kama a ƙaramin allo, mai saye ya kira wani can daban.