Zanen da ke kafaɗar wanda zan aura

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24 a Tudun Wada, Kaduna. An kawo kuɗin gaisuwata, saura sa rana. Wanda zan aura makanike ne a Panteka, ya yi shekara shida yana koyon aiki a Legas. Makon jiya ƙanena ya gan shi a filin ƙwallo ya tuɓe riga, sai ga tatu a kafaɗarsa. Da na tambaye shi bai musa ba. Ya ce sunan mahaifiyarsa ne, a watan da ta rasu ya yi shi, yana can ba shi da kowa. Yayata ta ce masu tatu 'yan ƙwaya ne ko 'yan ƙungiyar asiri, kuma in Baba ya ji an fasa ke nan. Ban taɓa ganin abin ƙi a tare da shi ba, amma barci ya gagare ni.

Ƙanwarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki.

A addini maganar a fili take: hadisin da ke Bukhari da Muslim ya la'anci mai yin wannan zane da wanda ya nemi a yi masa. Kuskure ya yi. Amma ƙofar tuba a buɗe take, kuma malamai da dama sun ce tawadar tana ƙarƙashin fata ne, ba ta hana ruwan alwala ko na wanka taɓa jiki.

Yayarki kuwa ta yi kuɗin goro. Akwai 'yan daba masu tatu, gaskiya ne. Akwai kuma samarin da suka kwaikwayi 'yan ƙwallon Turai, da waɗanda zaman bariki ya ja, da irin naki, yaron da maraici ya riska a garin da babu mai ce masa bari. Mu ɗin ma kakanninmu wanzami ya yi musu bille da kalangu a fuska, har dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane. Tatu ya nuna miki abin da ya yi rana guda. Yadda yake rayuwa yau, sai bincike: a tambayi ubangidansa a gareji, da limamin unguwarsu, da waɗanda yake zaman majalisa da su bayan isha'i.

Abin da ya fi damuna shi ne allurar. In an yi wa mutane da yawa da allura ɗaya, ana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B ko C, har da HIV, kuma ciwon hanta kan yi shekaru bai nuna alama ba. Ku je Barau Dikko ko wani asibiti ku yi gwajin jini, ku biyun, kafin a sa rana. In ke ba ki da nau'in B, akwai rigakafinsa.

Kada kuma ya ce zai goge da ruwan batir ko ƙarfe mai zafi don ya faranta miki. Tabon da zai bari ya fi zanen muni. Likitan fata ne ke cirewa da na'urar leza, sai an yi zuwa da yawa, ga tsada.

Baba kuma, kada ya tsinci zancen a bakin ƙanenki. Ki samu kawunki ko gwaggon da yake jin maganarta, shi wanda za ki aura ya je da kansa ya durƙusa ya faɗi yadda aka yi, da takardar gwajin a hannunsa.