Tambaya da amsa: Ta ina Trump ya samo kashi 14 ɗin da ya ɗora wa Najeriya?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, ina ɗan shigo da kaya daga Chana. Na ji a 2025 Trump ya sa wa kayan Najeriya harajin kashi 14 wai don mu muna cajin kayansu kashi 27. Wai dama haka ake lissafin? Kuma mu nan da me kwastam suke yanka mana?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da naka na gida tunda shi ke taɓa aljihunka.

Kowane kaya yana da lamba, HS code ɗin nan da ejan ɗinka yake yawan ambata, lambobi shidan farko iri ɗaya ne a duk duniya. Lambar ce ke nuna rukunin da kayanka ya faɗa a jadawalin ECOWAS da ya fara aiki a 2015, rukuni biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Magunguna da makamantansu suna ƙasa, injina da ɗanyen kaya 5, kayan da aka gama haɗawa 20, sai 35 na abubuwan da ake so a kare masu yin su a gida. Kuma ba a kan kuɗin da ka biya a birnin Guangzhou na Chana kaɗai ake yanka ba, sai an haɗa da kuɗin jirgi da inshora, a mayar da shi naira da farashin dalar da kwastam ke aiki da shi a lokacin, shi ya sa ko ba a taɓa kason ba dala na tashi kuɗin fitonka ya tashi. Misali duka sun kama miliyan 10 kuma kayan na kashi 20 ne, to miliyan 2 kenan, a ɗora ƙananan caji irin kashi 0.5 na ECOWAS, sannan VAT kashi 7.5 ya hau kan jimillar gaba ɗaya har da harajin, wajen dubu 900 kuma. Shi ya sa rigimar tasha yawanci a kan lamba take da kuma ƙimar kaya.

Hujjar gwamnatoci kuwa ba ta wuce biyu, kuɗin shiga da kare masana'antun gida. Amma in aka matsa da yawa fasa-ƙwauri ke amfana, ai ka tuna shinkafar Kwatano da ta sa aka rufe boda a Agustan 2019.

To na Trump daban ne, don gaskiya kashi 27 ɗin nan ba harajin da muke caja ba ne ko kaɗan. Giɓin ciniki suka ɗauka. A 2024 Amurka ta sayi kayanmu na wajen dala biliyan 5.7, mu muka sayi nata na wajen 4.2, giɓi biliyan 1.5 kenan, ka raba shi da 5.7 ya ba ka kusan 27, sai suka raba biyu wai ragi aka yi mana, 14 ta fito. Haka aka yi wa Chana, 67 ya koma 34. Ƙasar da Amurka ke da rara da ita ma ba ta tsira ba, an ba ta 10. Lesotho kuwa baiwar Allah, don tana sayar musu da wandunan jins da lu'ulu'u ba ta da ƙarfin sayen nasu sai ta tashi da 50. Ni dai a ganina wannan abin ciniki ne aka yi wa rigar lissafi, don ƙa'idar WTO, wato hukumar cinikayya ta duniya, ita ce abin da ka caji ƙasa ɗaya shi za ka caji sauran sai dai in akwai yarjejeniya tsakani. Daga baya ma namu ya koma 15 a watan Agustan 2025, kuma tun farko an cire ɗanyen mai daga ciki, wanda shi ne mafi yawan abin da muke kai musu.

Kuma ka lura, ba Najeriya ce ta biya kuɗin ba, ɗan kasuwar Amurka da ya shigo da kokonmu ne ya biya a tasharsu, kamar dai yadda kai kake biya a Apapa ba mutumin Guangzhou ba, sannan ka ɗora wa mai saye a Kwari.